Ku Tambayi Baban Garaji: Wace kat-kat zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin lakkol ne a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Na daɗe ina tara kuɗin mota, yanzu Allah ya hore. Mahaifiyata tana wani ƙauye a ƙasar Magarya. Gudron nake bi mafi yawan hanyar, amma in na sauka akwai kamar kilomita 15 na rairayi, ga wani kwari da ke cika da taɓo da damina. Dillali ya nuna mini RAV4 ta 2010 da aka shigo da ita daga Amurka, da wata tsohuwar Hilux. Abokai kuma sun ce in ƙara haƙuri in sayi Prado. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa a hau lafiya.

Kafin mu yi gardamar wadda ta fi, koma wurin dillalin nan, ka tuɓe babbar riga, ka durƙusa bayan RAV4 ɗin ka leƙa ƙarƙashinta. Da yawa daga cikin RAV4 da Highlander da ke zuwa mana daga Amurka ba kat-kat ba ne ko kaɗan. Kamfanin yana yin iri biyu da jiki ɗaya, wata tana ja da taya huɗu, wata da tayoyin gaba kaɗai kamar Corolla, tsayi ne kawai ta fi ta. Rubutun 4WD da ke manne a ƙofar baya kuwa, kowa yana iya liƙa shi da gam. Abin da za ka nema shi ne doguwar farfela da ta taho daga gaba ta shiga wani kullin ƙarfe mai kama da ƙwarya a tsakanin tayoyin baya, wanda makanikanmu ke kira fon. In babu su, motar gari ce. Na sha ganin wadda fon ɗin yana nan daram amma an kwance farfelar an ajiye, don ta fara ƙugi kuma mai ita ba ya son kashe kuɗi. Ita ma motar gari ce, sai dai tana ɗauke da nauyin banza.

Mu ɗauka ka leƙa ka tarar komai yana nan. RAV4 irin ta 2006 zuwa 2012 da tayoyin gaba take tafiya yawancin lokaci, sai ta ji sun fara sulɓi ta tura wa na baya ƙarfi da kanta, ba ruwan direba. Akwai wani maɓalli kusa da sitiyari da ke tilasta mata ja da huɗu, amma da ka wuce gudun kilomita 40 a awa zai saki kansa. Ba ta da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi. A kan lateriti mai santsi bayan ruwa, ko rairayin da bai yi zurfi ba, ba za ta ba ka kunya ba. In ka daɗe kana murza ta a rairayi mai zurfi, na'urar da ke raba ƙarfin takan yi zafi ta janye, ta bar ka da tayoyin gaba suna haƙa maka rami.

Hilux dabam take. Ita ce mai karabo na gaskiya, wato ƙarin giyar da direba ke sawa da hannunsa don mota ta ja da huɗu, wanda in ka tsallaka Kano za ka ji ana ce masa ogzilari. Ƙaramin sandan da ke gefen giya yana da 2H, 4H da 4L. A 2H tayoyin baya ke ja, nan za ka zauna duk lokacin da kake kan gudron. In ka sauka rairayi ko taɓo ka sa 4H. Shi 4L sai ka tsaya cik ka taka kuloci kafin ka shiga, yana rage gudu ya ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi, na fita daga kwari ne da kaya, ko jawo wata motar da ta kafe. In tsohuwa ce sosai, akwai makulli a tsakiyar tayoyin gaba mai rubutun Free da Lock, wanda sai ka fito ka murɗa da hannu. Mutum nawa suka sa karabo suka manta da wannan, suka kafe, suka yi ta zagin mota!

Ga inda ake kashe irin waɗannan motoci. Idan mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. Karabo kuma ɗaure gaba da baya yake yi su juya daidai wa daida. A rairayi ba komai, taya za ta ɗan zame ta huce. A busasshen gudron babu zamewa, sai wahalar ta koma cikin haƙoran ƙarfe. An taɓa kawo mini wata fikaf garaji, yaron da ke tuƙa ta ya fito daga daji ya hau gudron a Takeita da 4H, bai cire ba har cikin gari, kilomita wajen 50. Ya ce tun a hanya ya ji sitiyari ya yi tauri, sandan kuma ya ƙi fita, ya zaci aljanu ne. Da muka buɗe akwatin karabon, man da ya fito kamar an zuba masa garin ƙarfe. Ubangidansa ya biya kuɗin da zai ishe shi taya huɗu sababbi. In ka taɓa jin sandan ya ƙi fita, kada ka yi kokawa da shi, ka sauka gefen hanya inda akwai ƙasa, ka ɗan ja da baya, zai saki.

Abokanka ba su yi ƙarya ba a kan Prado. Kullum da huɗu take ja, tana da abin da ke raba tafiyar gaba da ta baya, don haka gudron bai dame ta ba, ga maɓallin kullewa in an shiga wuri mai wuya, ga ƙaramar giya. Pajero mai tsarin Super Select, wanda Mitsubishi ya fito da shi a 1991, ita ma haka, har ta fi da cewa kana iya komawa ja da biyu. Sai dai an daina ƙera Pajero a 2021, kuma a kasuwarmu kayan Toyota ne ake samu ba tare da an aika Kano ko Yamai ba. Amma Malam, abokan nan ba su za su riƙa zuba mata mai ba. Ko da matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, ba kyauta ake ba ƴan Damagaram ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Ita kuwa Land Cruiser 79 mai injin 1HZ na lita 4.2, a bar wa masu bin Tanut da Adarbisinat zuwa Agadas, da masu shiga Tesker. Kai ba can za ka ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ranar kasuwar ƙauyenku in je in zauna a bakin hanya in ga abin da ke shigowa. In ƙananan motocin haya suna kaiwa da rani, ko da da turi ne, RAV4 mai ja da huɗu ta ishe ka, kuma ita za ta fi yi maka daɗi a sauran kwanakin shekara da kake kai yara lakkol da uwargida kasuwar Dole. In ba ka ga komai ba sai amalanken shanu da fikaf, ko kuma kana da niyyar ɗauko buhunan hatsi da kaka, to Hilux. Zuciyata ta fi kwantawa da RAV4 ɗin, domin Hilux ba ta tsufa a kwance a ƙasar nan. Duk wadda ka ga an sayar da araha, ta ga duniya.

Tunda RAV4 ɗin daga Amurka ta zo, ka je da ƙaramar guduma. A arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsa wa hanya da hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake daga ƙasa. Za ka ga jiki yana walƙiya, ƙarƙashi kuma ya ruɓe. Ka ƙwanƙwasa shasi da wuraren da ƙafafun baya suka kama, ka duba bututun birki. In ka ga an fesa sabon baƙin fenti a ƙarƙashi, ka tambayi abin da ake ɓoyewa.

Sai taya, wadda ita ce rabin maganar. A rairayi, iskar taya ta fi karabo aiki. Motar da ke tafiya da iskar taya kilo 2.2 ko 2.5 a gudron, in ka rage ta zuwa kamar kilo 1.5, tayar tana shimfiɗuwa kamar tafin raƙumi, ta hau kan rairayin maimakon ta tsaga shi. Ka tafi a hankali, ban da shan kwana da ƙarfi, kuma kada ka tsaya a kan hawa. Da ka dawo gudron ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Saboda haka famfo, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da guntun katako na ɗora jak, su zauna a bayan motarka kamar buta.

Wurin sayen taya ta hannu kuma ka buɗe ido. Cikin waɗanda ake kawowa daga Turai akwai tayoyin hunturu da yawa, za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Zanensu yana da zurfi, suna da kyan gani, mai sayarwa zai ce maka ai sabuwa ce. Robarsu mai laushi ce, don sanyi aka yi ta. A zafin Afrilu da Mayu na nan, da ake wuce digiri 40, cinyewa take kamar sabulu. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Motar da ke ja da huɗu da kanta tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa kusan ɗaya, in ba haka ba na'urar raba ƙarfin ba ta hutawa.

Kwarin nan naku da damina kuwa, babu motar da zan ce maka ta fi ƙarfinsa. Lokacin da nake tuƙin wata ƙungiya, wani watan Agusta a yankin Korama, wani dattijo ya tsayar da ni ya ce yaro ka jira gobe. Na dubi motata, na dubi karabo, na ce Baba wannan ba irin waɗanda ka saba gani ba ce. Ban yi taku ashirin ba cikinta ya zauna a kan laka, tayoyi huɗu suna juyawa a banza. Shanun dattijon nan ne suka fid da ni bayan la'asar, bai ce mini ko uffan ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Ka fito ka taka ruwan da ƙafa tukuna. In ya wuce gwiwa ko yana gudu, ka ajiye motar a hayin nan ka hau amalanke. Injin da ya shaƙi ruwa ba gyaran yini ɗaya ba ne.

Tambaya: Ɗana ya gama karatu yana aiki a Montiriyal ta Kanada. Ya ce dole sai ya sayi kat-kat saboda dusar ƙanƙara, zai ci bashin banki. Gaskiya ne, ko son babbar mota ne irin na yara? Daga wata Hajiya, unguwar Birni.

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, Allah ya raya shi. Ya faɗi gaskiya, amma ba duka ba. Abin da ya zama dole a lardin Kebek, inda yake, tayoyin hunturu ne. Doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Tayar da na hana Malam saya a sama, ita ce ɗanki ba zai fita ba sai da ita, domin idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 robar taya ta yau da kullum takan sandare ta daina kama hanya.

Ja da huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, ta hau tudu, ta fita daga inda dusa ta rufe ta. Ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa, tunda kowace mota birki huɗu gare ta. Nan ne samari ke ruɗuwa: mota ta tashi lafiya sai su zaci hanya ba santsi, sai an zo taka birki a gane. Ƙaramar mota mai tayoyin hunturu huɗu za ta tsaya kafin kat-kat mai tayoyin bazara. In cikin gari yake aikinsa, inda ake share hanya, ƙaramar ta ishe shi, ba sai da bashi mai nauyi ba. In kuwa yana fita ƙauyuka ko wuraren tuddai, ya nemi mai raba ƙarfi da kanta irin Subaru, RAV4 ko CR-V. Mai karabo irin namu ba ta dace ba, domin hanyar can nan busasshiya, can gaba ƙanƙara, ba zai yi ta sawa da cirewa ba. Ki kuma ce masa ya riƙa wanke ƙarƙashinta saboda gishiri, wataƙila wata rana mu za a kawo wa ita.

Tambaya: Baba, in na bar makullin tayoyin gaba a Lock ina tafiya da 2H, zai lalata mota? Direba daga Tanut.

Amsa: Ba zai lalata ba ɗana, sai ɗan ƙarin shan mai da ƙara. Da damina ma bar shi a Lock, don kada ka riƙa fitowa cikin taɓo kana murɗawa. Da rani kuma, ko ba ka buƙata, ka kulle shi sau ɗaya a wata ka yi kamar kilomita 15, don mai ya zagaya fon ɗin gaba. Ka dai tabbata duka biyun suna wuri ɗaya, kada hagu tana Lock dama tana Free.