Tambayi Likita: Gidan ƙwai da homon ɗin da ke juya shi

Salam likita. 'Yata ta fara al'ada tana shekara 13, yau wata shida, sau uku kacal ta gani. Lafiya kuwa? (Wata uwa, Zariya)

Hajiya, kwantar da hankalinki. Gidan ƙwan mace umarni yake jira daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar wake ba, wanda ke aiko da homon biyu, wato sinadarai masu kai saƙo ta cikin jini, LH da FSH. A gidan ƙwan, LH kan sa a sarrafa kolestarol (wani nau'in maiƙo) ya zama homon irin na maza. FSH kuma ya tayar da wani inzayim (sinadari mai sarrafa wasu sinadaran jiki) mai suna aromates, shi ke juya wancan ya koma estirojin, homon mata mai kawo ƙirgar dangi. Kamar surfe da niƙa ne: an surfa hatsi, mai inji bai buɗe ba, ina tuwo? A shekara biyun farko aikin bai gama saituwa ba, wani watan ƙwan ma ba ya fita. Amma in ta yi wata uku cur babu jini, ko zubar ta wuce kwana bakwai, a kai ta asibiti.

Shekarata huɗu da aure ban taɓa ko ɓari ba. Ga gashi a haɓa, ga ƙuraje, al'ada sai ta ga dama. (Wata baiwar Allah, Maraɗi)

'Yar'uwa, wannan ya yi kama da PCOS, wata matsalar homon da ke hana ƙwai fita a kan kari. Surfen ne ya yi yawa: LH da insulin (homon da ke daidaita sukarin jini) suna ingiza gidan ƙwai ya tara homon maza, ƙwai su fara girma su tsaya. Je ki ga likitan mata a yi gwajin jini da sikanin. Akwai wani magani, letrozole, ana shan sa kwana biyar. Yana danne aromates na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta ƙaro FSH, mai sa ƙwan ya girma. Don Allah kada ki saya a kemis don maƙwabciya ta sha ta haihu. Maigida ma a duba shi, ba ke kaɗai ba.

Ina shan diclofenac kullum saboda ciwon baya, kuma ina neman haihuwa. (Daga Kumasi)

Bayan LH ya hauhawa da kimanin awa 36 jakar ƙwai ke fashewa, kuma sai da taimakon inzayim ɗin da diclofenac da ibuprofen ke toshewa. Shan su kullum na iya jinkirta fitar ƙwan. Likitanki ya sauya miki magani, a kuma binciki ciwon bayan.