Kwanon Sallah da girkin mako: amsar Gwaggo daga Nima

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce wannan ce Ƙaramar Sallarki ta farko a ɗakinki can unguwar Madina ta Accra, ga aiki ga azumi, kina tambaya ko dole ne ki yi girkin Sallah da hannunki, ko ki ba masu kwangilar abinci su zubo miki a robobi. Kin kuma tambayi yadda ake tsara girkin mako, kada kullum la'asar ta yi kina tsaye ba ki san me za ki ɗora ba.

Addini bai ɗora miki girkin Sallah ba. Abin da ke wuyan maigidanki shi ne zakkar fidda kai, sa'i ɗaya a kan kowane mutum na gidan, daga abincin da kuka fi ci, a fitar kafin a yi sallar idi. Girki al'ada ce. Sai dai a Zango, unguwanninmu na Musulmi a Ghana, kwanon da ya fita daga ɗakin amarya shi ne gaisuwarta. Surukarki ba yunwa take ji ba, so take ta ɗanɗani hannunki, ta kuma nuna wa ƙawayenta. Cincin, lemo, har masa kina iya saya, ba wanda zai ce uffan. Babbar tukunya kuwa ki ɗora da kanki.

Kada ki fara da tunanin me za a dafa. Ki fara da ƙirga gidaje. Ki je wurin surukarki ki ce, "Mama, su wa ake kai wa kwano daga gidan nan?" Ita ta san kawun da in aka tsallake shi za a yi shekara ana bikon zuciyarsa. Ki ƙara da gidan iyayenki, mai gidan da kuke haya, da maƙwabtan tsakar gida, har waɗanda ba Musulmi ba, don su ma da Kirsimeti suna miƙo nasu. Kwanon surukai ki lissafa shi cin mutum 6, na sauran gidaje cin mutum 3. In gidajen 8 ne bayan na surukai, cin mutum 30 ke nan, ki ɗora naku da na baƙin da za su faɗo, ya kama 40.

Cin mutum 40 na jollof yana son shinkafa kilo 5, don kilo ɗaya yana ɗaukar manya 8 in akwai nama da ganye a gefe. Ga kilo 5 ɗin ki tanadi man gyaɗa lita 1, albasa kilo 1 da rabi, ɗanyen tumatir kilo 2, tumatirin gwangwani wajen giram 800, attarugu, citta da tafarnuwa. Nama kilo 4, a yanka miki kilo ɗaya ya ba da tsoka 12 zuwa 15. Ki tsaya a kan mahaucin yana yanka, in ba haka ba sai ki zo gida ki tarar rabinsa ƙashi ne da kitse.

Abu uku ke ɓata jollof mai yawa. Na farko tsami, kuma daga gaggawa yake: tumatirin gwangwani ana soya shi cikin mai da albasa har ya yi duhu, sannan a zuba niƙaƙƙen ɗanye a bar shi yana soyuwa har mai ya taso sama, minti 40 ko fiye. Na biyu caɓewa. Shinkafa mai ƙamshin nan da muke saya ba ta son ruwa, romon nama da miyar su tsaya daidai kan shinkafar, kada su haura. Tururi ne zai ƙarasa ta, shi ya sa ake rufe bakin tukunya ruf a rage wuta. Na uku ƙonewa a ƙasa alhali sama tana ɗanya. Kan gas na gida ƙarami ne, wutarsa tsakiyar gindin tukunya kawai take duka. Ki raba kilo 5 ɗin tukunya biyu, ko ki ɗora a murhun gawayi ki baje garwashin, in ruwa ya tsotse ki kwashe rabinsa.

Dattawan gidan mijinki sun fi son tuwon zafi da ayoyo, ki yi musu ƙaramar tukunya daban. Garin masara kashi 3, garin rogo kashi 1. Ki yi talge ya dahu sosai, ki ɗibi kaɗan ki ajiye gefe, ki riƙa zuba gari kina tuƙawa, in ya yi tauri ki sassauta da talgen da kika ajiye, ba da ruwan sanyi ba, don shi ke kawo gudaji. Ayoyo kuwa ruwa kaɗan, ɗan mitsitsin kanwa, daddawa da garin kifi, kuma ba a rufe tukunyarsa, in an rufe yauƙin ya tsinke, koren ya dushe. Ba ya kwana. Da safiyar Sallah ake yin sa.

Waakye, wato shinkafa da wake, ban ba ki shawarar ki sa shi a kwanon rabo ba. Wake ba ya jure zafin Accra cikin kula a rufe, kafin la'asar ya soma yami.

Yanzu lokaci. Ba ki san ko azumi 29 za a yi ko 30 ba sai sanarwa ta fito daga ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, kuma da dare take fitowa. Don haka aikin ya rabu biyu, wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Tun azumi na 20 ki sayi shinkafa, mai, gari, gawayi, ki cika gas, don kwana biyu kafin Sallah komai tashi yake. Albasa in da yawa kike so, babbar kasuwarta ta bar Agbogbloshie tun 2021 ta koma Adjen Kotoku, tafiyar ba ta biya sai in kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu kun sayi buhu. Ranar 25 ki yi shito, baƙin yajin nan da ake soyawa cikin mai. Ki soya shi a ƙaramar wuta har kumfa ta daina tashi, alamar ruwa ya ƙare, ki zuba a busasshiyar kwalba mai ya rufe samansa. Jiƙaƙƙen cokali ɗaya ya isa ya sa shi fumfuna. Ranar 27 ki kai niƙa, don ranar jajibere layin injin ya fi ƙarfinki, ki soya miyar jollof ki sa a firiza. Ranar 28 nama, a tafasa, a soya, romon a roba daban. Ranar 29 ki yanka albasa, ki wanke kuloli, ki zauna. In an ga wata ki sauko da miya da romo su narke, ki tashi ƙarfe 3 na dare. In ba a gani ba, ba abin da ya lalace.

Sunna ce a Ƙaramar Sallah a ci wani abu kafin a fita idi, ko da dabino ne, ki ajiye wa maigida nasa. Kwanon surukai shi ke fara fita, a kula mafi kyau, nama a sama inda ido zai gani. Ki bar abinci ya sha iska kamar minti 10 kafin ki rufe, kuma ganye da shito kowanne a robarsa. Duk kwanukan da za su shigo Nima da Maamobi su iso kafin azahar, bayan nan titi ya zama na masu dawakai da babura. Yaron da ya kawo miki kwano ki ba shi tukuici, kwanon kuma a wanke, a sa wani abu ciki kafin ya koma.

Girkin mako ma a kan ranar cefane ake gina shi. Laraba ce ranar kasuwar Nima, in ta nan za ki yi, makonki daga Laraba yake farawa. Abin da ke saurin yaushi shi ake fara ci, busasshe a bar shi ƙarshe. Laraba da dare tuwo da ayoyo. Alhamis doya ko dafaffiyar ayaba da miyar kontomire, wato ganyen gwaza. Juma'a a ɗan kyautata, shinkafa da nama, a kuma ƙara cin mutum biyu don ana biyowa daga masallaci. Asabar da kike gida ki yi waakye, shinkafa kashi 2 wake kashi 1, waken ya kwana a jiƙe, ki tafasa shi da karan dafi har ruwan ya yi ja, ki tsame karan kafin ki zuba shinkafa. Kanwa kaɗan, in ta yi yawa sai ya yi santsi ya ɓata ciki. Lahadi tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Litinin da Talata kuka, busasshiyar kuɓewa, ko wake da gari. Kada ki sa ɗanyen kifi ranar Talata, masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar, abin da za ki samu ya kwana a ƙanƙara.

Abin da ke riƙe wannan tsari shi ne jar miya guda da za ki soya ranar cefane, ki raba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya. In kika daskarar da ita dunƙule guda, kullum sai kin narkar kin mayar, in dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya zo kuma duka ta tafi. Firiza in ta cika kuma ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi yini guda cur, ki hana kowa taɓa ta har wuta ta dawo.

Makon bayan Sallah kada ki yi babban cefane. Kwanukan da suka shigo miki za su ɗauke ku kwana biyu in kin raba su a firji tun ranar, kina ɗumama abin da za a ci kawai. Ki tambayi maigidanki ko washegari zai soma Sitta Shawwal, in haka ne ki bar gero da waken ƙosai a hannu, don koko da sahur suna nan har kwana shida.

Ki gaishe shi, ki gaida Mama.