Lambarki ce makullin WhatsApp ɗinki

Tambaya: Malam, ni mazauniyar Misfala ce a Makka. Shekarata biyu da zuwa, na sayi layin nan, amma WhatsApp ɗina har yanzu yana kan tsohuwar lambata ta Najeriya, kuma yana aiki lafiya lau. Yarana sun ce in bar shi haka. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, akwai, kuma babba ce, sai dai ba ta bayyana sai ranar da waya ta ɓata ko ta lalace. WhatsApp ba ya duba layin da ke cikin wayarki kullum. Sau ɗaya yake tantance lamba, ranar da aka yi rajista, shi ya sa kike ganin komai daidai. Amma duk ranar da kika ɗauki sabuwar waya, zai aika lambobin sirri guda 6 zuwa waccan lambar mai +234. In layin ya mutu, ina za su same ki? Ga shi kamfanonin waya kan karɓe layin da aka daɗe ba a amfani da shi su sayar wa wani.

Bara wani dattijo ya same ni a wani shagon gyaran waya a Jarwal, wayarsa ta faɗi a cunkoson fitowa daga Harami. Ya sayi sabuwa, yana riƙe da ita hannu na rawa, yana cewa a fito masa da muryoyin da marigayiya matarsa ta aiko masa. Layin gida ya mutu tuntuni, bai taɓa ajiye kwafin hirarsa ba. Babu abin da na iya yi masa, kuma har yau abin yana damuna.

Don haka ki yi yau, tun tsohuwar wayar na hannunki. Ki shiga wurin saiti, sai asusu, sai sauya lamba. In wayarki da Larabci take, za ki ga an rubuta "tagyirur raƙam". Ki sa tsohuwar lamba a sama, sabuwar mai +966 a ƙasa, su aiko miki lambobin sirri a layin nan. Hirarki da hotonki da duk zaurukan da kike ciki za su biyo ki, muddin a wannan wayar kika yi. Zaurukan za su ga sanarwar da kansu, sauran jama'a kuwa ke za ki zaɓi wanda za a sanar. Daga nan ki kunna ajiyar kwafi a Google Drive, ko iCloud in iPhone kike riƙewa.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ce daga ƙungiyar 'yan garinmu ta Jidda yake, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambobin da suka shigo wayata. Na karanta, yanzu an fitar da ni, ana roƙon mutane kuɗi da sunana.

Amsa: Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Ka sake shiga da lambarka yanzun nan. Da zarar ka sa sababbin lambobi 6 da za a aiko maka, za a kori ɓarawon daga asusun. In ya riga ya kafa tasa lambar sirrin ta mataki na biyu, wato ƙarin lambar da mai asusu ke zaɓa da kansa don kulle shi, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje a tsawon lokacin. Tsofaffin saƙonninka ba su bi shi ba, suna cikin wayarka. Kafin nan ka buga wa 'yan uwa da abokan huldarka ka faɗa musu kada kowa ya tura ko riyal ɗaya.

Bayan ka dawo, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka haɗa da imel ɗinka. Ka leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, wanda yake ɗaukar har guda 4, ka cire duk wadda ba ka sani ba. Babu taro, babu ƙungiya, babu ma'aikacin WhatsApp da zai nemi waɗannan lambobin a wurinka.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Musulunci ta Madina. Zauren darasinmu ya cika, mu koma Telegram?

Amsa: Zauren WhatsApp ba ya wuce mutum 1,024, na Telegram kuwa yana kai 200,000, kuma wanda ya shigo daga baya zai iya samun karatun da aka yi tun farko in shugabannin zaure sun bar tarihin a buɗe. Don karatu, ni Telegram zan zaɓa. Amma ka sani, WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙo ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa, zaurukan Telegram ba su da wannan kullen. In kuwa malam ne kawai zai riƙa sakin darasi ɗalibai na saurare, ku buɗe tasha a WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023. Mabiyanta ba sa ganin lambobin juna, kuma hakan zai fi dacewa da 'yan uwa mata da ke cikinku.