Tambaya da Amsa: Ina Ƙugiyar Harafi Take Shiga?

Tambaya: Ina da shagon ɗab'i a Yamai. An kawo mini aikin allon biki mai cewa "Barka da zuwa baƙi". A kwamfutata daidai yake, amma da aka buga shi a wani shago sai akwati ya fito a wurin ƙ. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, injin ba shi da laifi. Samfurin haruffan da aka buɗe aikin da shi a can ne ba ya ɗauke da ƙ, sai kwamfutar ta sa akwati, ko ta aro harafin daga wani samfuri, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Kafin ka fara kowane aiki, rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a layi ɗaya ka duba ko takwas ɗin sun fito jiki ɗaya. Charis SIL, Andika da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne. Andika don masu koyon karatu aka zana shi, ya dace da littattafan yara ƙwarai.

A Word, buga 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ zai fito. Ƙaramin ɗ 0257 ne, ɓ 0253, ƴ kuma 01B4. Wannan na ƙarshen namu ne a Nijar, yana cikin ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999, alhali a Najeriya 'y suke rubutawa. Idan ka gama a CorelDRAW, zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q, ya koma zane, sannan ka aika. Ajiye kwafi tukuna, don bayan haka ba ya gyaruwa. Don Allah kada ka sa k kawai don ka huta: baƙi daban, baki daban, kuma abin yana ɓata mana rai idan muka gani a bango.

Tambaya: Daga Tawa nake, ina buga rubutu a riguna da raga. Manyan haruffa suna fita tas, amma a ƙanana ƙugiyar ɗ da ƙ ɓacewa take.

Amsa: Ƴar'uwa, fara da ragar. Mai lamba 43T zare 43 gare ta a santimita guda, tana zubar da fenti da yawa amma ba ta riƙe siririn layi da kyau. Ƙananan haruffa suna son 77T, ko ki ƙara musu kauri.

Mafi yawa kuwa rana ce ke cinye ƙugiyar. Idan kin shafa wa ragar maganin da haske ke daskarar da shi, ya bushe a duhu, kin ɗora takardar zanen kin kai rana, hasken Tawa da tsakar rana yana kutsawa ta gefen siririn layi ya daskarar da maganin da ya kamata ruwa ya wanke. Ki danne takardar da gilashi, ki sa soso mai baƙin ƙyalle a ƙarƙashi. Ɗaga takardar sama ki duba: in haske yana ratsa baƙin, buga biyu ki haɗa su daidai. Lokacin kuma gwada shi ake yi: rufe ragar da kwali, ki riƙa ja baya kaɗan kowane daƙiƙa 15 har sau shida, ki wanke, ki ɗauki sashen da ƙugiya ta buɗe maganin bai saɓule ba.

Da hunturu fentin ruwa yana bushewa cikin ragar nan da nan ya toshe ƙananan ramuka. Bayan kowace bugawa ki mayar da fenti ya lulluɓe zanen kafin ki ɗauko riga ta gaba.