Ruwan lemun tsami: likita ya amsa tambayoyin masu karatu

Tambaya: Likita, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Bara na yi fama da tsakuwar ƙoda, na sha wuya kafin ta fita. An ce ruwan lemun tsami yana hana ta dawowa. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar tana da tushe. Lemun tsami yana ɗauke da sinadarin sitiret, wanda yake riƙe kalsiyam a cikin fitsari ya hana shi dunƙulewa ya zama tsakuwa. Sai dai babban aikin na ruwan ne da kansa. Mai sharar gona a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, yakan zubar da gumi mai yawa, fitsarinsa ya ragu ya yi ja, kuma a irin wannan fitsarin ne tsakuwa take haɗuwa. Wanda ya taɓa yin ciwon ana so ya riƙa fitar da fitsari kimanin lita 2.5 a yini, abin da ba zai samu ba sai ya sha ruwa wajen lita 3, ko fiye da haka idan yana aiki cikin rana. Ka matse lemun tsami ɗaya ko biyu a jarkar da kake tafiya da ita gona, ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama ka, sannan a rage gishiri da dunƙule a miya. Idan ciwon kwiɓi ya dawo, musamman tare da zazzaɓi ko jini a fitsari, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Tambaya: Ina shan sa da ruwan ɗumi kowace safiya don rage tumbi, amma haƙorana sun fara dasashewa. Daga wata matar aure a karkarar Gaya.

Amsa: Hajiya, lemun tsami ba ya narkar da kitse. Taimakonsa kawai shi ne idan ya maye gurbin lemon kwalba ko shayi mai yawan sukari. Abin da ya fi damuna shi ne haƙoran naki, domin tsamin yana cin farin rufin haƙori, kuma abin da ya ci ba ya sake tsirowa. Rabin lemo ya isa babban kofi guda. Bayan kin sha ki kurkure baki da ruwa, ki dakata aƙalla minti 30 kafin ki yi asuwaki ko buroshi. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki, idan ya lura yana tayar masa, ya bari.

Tambaya: Ina da juna biyu, a wurin awo an ce ina da ƙarancin jini. Zai taimaka mini?

Amsa: 'Yar'uwa, zai taimaka ta wata hanya. Bitamin C da ke cikin lemun tsami yana sa hanji ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake, zogale da alayyafo, don haka matsa shi a kan kwaɗon zogale dabara ce mai kyau, shayi kuwa yana rage wannan tsotsa idan aka sha shi tare da abinci. Gwaba ma ta fi shi nesa ba kusa ba: giram 100 na lemun tsami yana da bitamin C kimanin miligiram 30, na gwaba ya haura 200. Duk da haka ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki a wurin awo su ne maganin, ki riƙe su kullum.

Tambaya: Ana ba yaro mai zazzaɓi ko gudawa? Daga wani magidanci a Gumel.

Amsa: Malam, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, saboda haka a kai yaron a gwada jininsa a ranar da jikinsa ya yi zafi. Mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake buƙata tare da ƙwayar zinki. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ake ba shi. Ruwan rijiya ko na kududdufi kuwa a tafasa shi tukuna, domin matsa lemo a ciki bai isa ya tsabtace shi ba.