Sigar na tsagewa a hunturu: wane akwatin danshi ya dace da ɗan kasuwa?

Wani ɗan kasuwa da ke kai wa otal-otal kaya a Abuja ya aiko mana da tambaya. Ya ce otal-otal ɗin sun fara neman sigar, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, shi ne ya sayo kwalaye huɗu ya ajiye a kabad ɗin shago. Da hunturu ya shigo sai ganyen bayansu ya fara tsagewa. An ba shi shawarar ya sayi akwatin danshi da ake kira humido, yana son sanin wanne zai saya da yadda ake kula da shi.

Alhaji, sigar tana son danshin iska kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyi digiri 18 zuwa 21. A ƙasashen da ake naɗa ta, irin su Kuba da Nikaragwa da Jamhuriyar Dominika, iska na da laima kusan duk shekara. Mu kuwa hunturu kan sauke danshi ƙasa da kashi 30, damina kuma ta haura da shi sama da 80. Ka ga ke nan kana buƙatar abin da zai ba da danshi a Janairu, ya kuma tsotse shi a Agusta.

Amma abin da zai fi cinye maka jari shi ne zafi. Akwatin katako ba ya sanyaya komai, danshi kawai yake riƙewa. Akwai wani ƙaramin ƙwaro na taba da ƙwansa kan zo a cikin ganyen tun daga masana'anta, kuma da zarar zafi ya wuce digiri 22 zuwa 23 sai ya ƙyanƙyashe. Alamarsa 'yan ramuka zagayayyu kamar an soka allura, da garin taba mai ruwan ƙasa a gindin kwali. Idan ya shiga kwali ɗaya, sai ya bi sauran. Saboda haka kafin ka zaɓi akwati, ka fara zaɓar ɗaki: wanda ke da iyakwandishan, rana ba ta bugunsa, kuma yana kan janareta ko sola idan an ɗauke wuta. In ba ka da irin wannan ɗaki, gara ka rage yawan kayan da kake ajiyewa.

Ga ɗan kasuwa muna ba da shawarar raba ajiya biyu. Na farko ƙaramin akwati mai kyau na nuna kaya, mai ɗaukar 50 zuwa 100. Na biyu rumbun ajiya, wanda babbar kula ta roba, irin wadda ake zuba ƙanƙara da lemo, ta isa ta yi aikin. A wanke ta da sabulu mara ƙanshi, a bar ta a buɗe kwana biyu ko uku har warin roba ya fita, sai a jera sigar a cikin kwalayensu na asali. Murfin kula ya fi na yawancin akwatunan katako masu araha riƙe iska, kuɗinta kuma bai kai nasu ba. A riƙa buɗe ta ko da sau ɗaya a mako domin iska ta sauya.

Wajen sayen na katako, duba cikinsa. Ana so a lulluɓe shi da katakon sida na Kudancin Amurka, mai ɗan ja-ja da ƙanshi, domin yana shan danshi yana sakinsa a hankali. Katakon ya kasance mai ɗan kauri, ba ɓawo siriri da aka manna da gam ba. Sai ka gwada murfi: sa takardar naira rabi ciki rabi waje, rufe, ka ja. Idan ta zame ba tare da turjiya ba, iska ma haka za ta riƙa fita. Gwada ɓangarori huɗun duka. Masu murfin gilashi sun fi jan idon mai saye, amma ta bakin gilashin suke yoyo, sai ka duba wurin da kyau. Adadin da aka rubuta a jikin akwati kuma da ƙananan sigar aka ƙirga shi, don haka mai 100 ba zai ɗauki masu kauri 100 ba, kuma ya kamata ka bar kusan kashi ɗaya bisa huɗu babu komai.

Akwai kuma na lantarki mai kama da ƙaramin firij. Irin wanda ba shi da kwamfureso yana iya rage zafi da kamar digiri 10 ne kawai ƙasa da na ɗakin, don haka a shagon da ya kai digiri 38 a Maris ba zai fitar da kai ba. Firij na gida kuwa busar da iska yake yi, kada a ajiye sigar a ciki.

Ma'aunin danshi mai allura da ke zuwa manne da akwati ado ne kawai. Sayi mai lamba, wanda ke nuna zafi da danshi tare, ka gwada shi da gishiri. Cika murfin robar ruwa da gishiri, ɗiga masa ruwa kaɗan ya jiƙe amma kada ya narke, sa shi da ma'aunin a leda mai zif, rufe har awa 24. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 71, ka san kullum za ka ƙara 4 a kan abin da yake faɗa maka. Maimaita gwajin duk wata shida.

Sabon akwati a bushe yake, kuma idan ka zuba kaya nan take, katakon ne zai zuƙe danshin sigar. Sai an fara jiƙa shi. Ajiye ƙaramin kwano na tataccen ruwa a ciki, rufe, ka jira har ma'auni ya tsaya tsakanin 70 da 72 na kwana biyu a jere. Ko kuma a sa jakar Boveda, wato 'yar jakar daidaita danshi da ake sayarwa, mai lamba 84 (lambar ita ce kashin danshin da take riƙewa) na kwana 14. Kada a goge katakon da jiƙaƙƙen tsumma don gaggawa, yana sa shi kumbura ya karkace, murfi ya daina zama. Ruwan famfo da fiya wata ba su dace ba, suna toshe soson ba da danshi da ke zuwa da akwati, su kawo fumfuna. Tataccen ruwan da ake zuba wa batirin inbata yana yi, amma ka tabbatar ba wanda aka haɗa da asid ba ne.

Don riƙe danshin yau da kullum, jakunkunan Boveda masu 65 ko 69 sun fi soso, saboda suna bayarwa suna kuma tsotsewa. Ƙa'idar kamfanin ita ce jaka ɗaya mai giram 60 ga kowane gurbin sigar 25. Idan jaka ta taurare, ta ƙare. A hunturu sukan ƙare da wuri, sai ka tanadi na canji tun Oktoba. A damina kuma ka koma jaka mai lamba 65, domin sigar da ta sha danshi fiye da kima takan kumbura, ta yi wuyar zuƙa, ta riƙa mutuwa a hannun mai sha, shi kuma otal zai dawo maka da ƙorafi. Idan ka ga fumfuna mai gashi-gashi, musamman shuɗi ko kore, ko ta shiga ta bakin sigar, cire waɗanda abin ya shafa ka zubar.

Kayan da suka riga suka bushe a kabad ɗinka, kada ka jefa su cikin danshi mai yawa kai tsaye. Cikin zai kumbura kafin ganyen baya ya yi laushi, sai su ƙara fashewa. Fara da danshi kashi 62 na mako biyu, sannan 65, sannan 69. Waɗanda suka tsage ba za su koma ba, kuma ƙanshin da ya gudu ya tafi ke nan, sai ka karya musu farashi ka faɗa wa mai saye gaskiya. Sabon kayan da kake zargin akwai ƙwaro, sa shi a leda biyu masu zif, kwana ɗaya a firij, kwana uku a firiza da wuta ba ta yankewa, kwana ɗaya kuma a firij kafin ya shiga ajiya.

Ta fuskar kuɗi, wutar iyakwandishan da man janareta da jakunkunan danshi duk su shiga cikin farashin kowace sigar. Da otal kuma ku yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai ɗauki asara idan kaya ya lalace a wurinsu. Mun fi son a sayar musu kai tsaye a kan a bar musu kaya sai sun sayar, sai dai idan kai ne ka ba su akwatin kana kuma duba shi. Jabun sigar Kuba sun yi yawa, musamman samfurin Cohiba, don haka ka duba hatimin da ke jikin kwali ka gwada lambarsa a shafin Habanos, kamfanin da ke fitar da sigar Kuba. Sannan dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla da sayarwa ta intanet, kuma ƙa'idojin 2019 sun tanadi lasisi ga masu shigo da taba da masu rarraba ta. Ka daidaita takardunka kafin ka yi odar kwalaye na gaba.