Amsa ga mai tambayar koyon ɗinki a shekara 51

Wa'alaikumus salam. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, inda kace shekararka 51, saura maka shekara huɗu ka cika 35 ɗin aiki, kana sha'awar koyon ɗinki amma abokanka suna ta ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na so in amsa a lokacin cajina ya ƙare, toh ga ni yanzu, ka yi haƙuri zan ɗan yi tsawo don abin da kake tambaya ni ya faru da ni.

Ni sai da na yi ritaya ma tukunna na fara, ina da 56, kuma wannan shi ne kuskurena na farko, kai da ka farga tun albashi na shigowa ka fi ni dabara nesa ba kusa ba. Na ga wasu masu ba ka amsa suna kawo maka misalin Obasanjo da ya gama digirin digirgir a jami'ar karatu daga gida ta NOUN a 2017 yana da shekara 80, gaskiya ne gemu ba ya hana ilimi, amma shi ba wanda ya aike shi siyo zare a kasuwa, namu daban ne. Abin da zai dame ka ba ƙwaƙwalwa bane wallahi, ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, girman kai ne da kunya, sai ido, sai baya.

Wanda ya koya min sa'an ɗana na biyu ne. Baba yake ce min, in zai gyara min kuskure sai ya yi ta kewaye-kewaye yana sosa ƙeya, ni kuma ina zaune ina jin kaina har yanzu ni ne wanda masinja ke ɗaukar wa jaka. Sati biyu muna wannan wasan ban koyi komai ba, har ranar da na kira shi gefe nace ɗana, in dai a cikin shagon nan ne kai ne malam, in na ɓata kace na ɓata, in mun fita waje ka ci gaba da Babanka. Daga ranar abin ya fara tafiya. Kuma ka shirya ma masu wucewa, akwai wani tsohon abokin aikina da ya tsaya da mota ya leƙo ya gan ni a kan keken ɗinki yace "Alhaji lafiya? ko fanshon ne bai fito ba?" ya yi dariya ya wuce, ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba, saura kaɗan in ƙi komawa.

Farkon abin da za a sa ka shi ne taka feda, ba zare ba yadi. Kar ka raina. Keken Butterfly ɗin nan baƙi da kake gani yaro ɗan shekara 12 yana gudu da shi kamar wasa, ni kwana tara na yi ƙafata na mayar da shi baya, kuma da ya juya baya zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe a gidan bobin, wato inda zaren ƙasa yake, sai ka buɗe ƙasa kana tsintar zare da reza yara na kallonka ta wutsiyar ido. Bayan nan aka ja min layi a takardar tsohon littafin rubutu, ina bi da allura ba zare, in ɗaga takardar a hasken ƙofa in ga ramukan sun yi tafiyar maciji. Yaran shagon a kwana biyu suke wuce wannan matakin, ni na yi kusan sati uku. Amma ga wani abu da na lura, da aka zo awo da lissafin yanka, a raba ƙirji huɗu a ƙara na ɗinki, a nan na bar su a baya, don su ba sa rubutawa sai haddar ka, ni kuwa shekara 35 ina rubuta fayil, ɗan littafi na siya duk abin da aka faɗa sai na rubuta har da zane. Yanzu haka su ke zuwa aron littafin.

Maganar ido, dan Allah kafin ka biya kuɗin koyo ka je asibiti a auna ka a baka tabarau. Daga shekara 40 ganin kusa yake fara raguwa ga kusan kowa, ba ciwo bane, girma ne. Ni na yi taurin kai wata guda ina kiran yaro ya zura min zare a allura, abin kunya, ashe gilashi kawai nake buƙata. Kuma ka guji baƙin yadi da daddare. Maganar baya kuma, kar ka zauna awa uku a jere irin na samari, duk minti 40 haka ka miƙe ka yi guga ko ka zaga, kujerar ma ka sa mata ɗan matashi.

Kar ka ce sai ranar asabar za ka je ka wuni. Na gwada, kafin wata asabar hannu ya manta. Awa ɗaya da rabi kullum bayan la'asar ta fi wunin asabar amfani, tunda kana aiki ka yi magana da mai shagon a kan haka, kuma ka siyi naka keken ko wanda aka yi amfani da shi ne ka ajiye a gida da wuri, tsofaffin zannuwan gado da kayan yara da suka yi kaɗan duk kayan koyo ne, ka farke ka mayar, ka farke ka mayar. Kar ka fara da injin mai wuta, gudunsa zai tsorata ka, ga kuma halin wutarmu.

Sai abu ɗaya da nake so ka ji da kyau, kar ka karɓi ɗinkin mutane da wuri, musamman na sallah. Ina wata bakwai wani maƙwabci ya kawo min shadda yadi biyar da ya siyo a Kantin Kwari, wai don ya ƙarfafa min gwiwa, ni kuma na ji kunyar cewa ban kai ba. Na yanka wuya ya yi faɗi har ana ganin singileti, kuma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Da kuɗin fanshona na koma Kwari na siyo irinta, na kai wa malamin nawa ya yanka ni na haɗa. Mutumin bai sani ba har yau hhh, waccan ta farkon kuma na rage ta na yi wa jikana riga da wando.

Batun kuɗi kuwa ba zan yi maka ƙarya ba, ban kama ƙafar samarin da ke fitar da kaya biyar a rana ba kuma na daina sa rai. Ni kayan makarantar yara nake yi da gyare-gyare, kalmasa, canza zif, rage wando, sai kaftanin dattawa sa'o'ina da ba sa son ɗinkin zamani mai matse jiki, su ne kwastomomina, suna zuwa mu yi hira in auna su. Yana kawo cefane da kuɗin kati, wani watan har da na makarantar auta.

In ka samu shagon da za ka fara, ka zaɓi wanda ba shi da cunkoson yara sosai, kuma kar ka fara ana saura wata ɗaya sallah, ba wanda zai kalle ka a lokacin, sai dai a miƙa maka maɓalli ka yi ta sakawa.